Hindu Mai Sange da Sauron Rani

Da an sallame sallar asuba, kafin masu koko su fito a unguwarmu ta bakin kanal, wato magudanar ban-ruwa, nan kusa da Tsarnawa, Hindu ta riga ta ɗaura zane ta rataya jakarta. Jakar tsohon buhun taki ce da ta wanke ta yi wa maratayi. A ciki akwai allura da zare, da ƙusoshi, da igiya, da wani dutse mai santsi da take buga ƙusa da shi, don duk gudumar da ta taɓa mallaka an are ta ba a maido ba. Sai ta kama bin gidaje. Ba ta jira a shimfiɗa mata tabarma. Ta yi sallama, ta wuce ɗaki, ta ɗaga kai ta dubi saman gado. In sange na rataye, wato gidan sauro, sai ta duba inda ya yage ta ɗinke, ta sha ruwa ta fita. In ba ya nan, ranar duk unguwa sai ta ji muryarta.

Ba wanda ya sa ta. Shekarun baya, da likita, wato asibiti, ta nemi mata da za su raba sange gida-gida, Hindu na cikin waɗanda aka zaɓa. Aka koya musu yadda ake rataya shi, da yadda ake wanke shi ba tare da maganin ya fita ba. Da rabo ya ƙare, sauran mata suka koma harkokinsu, kuma ba laifi suka yi ba, aikin da aka ba su ke nan. Hindu ce ta koma bayan wata biyu don ta ga yadda ake amfani da abin da ta raba. Abin da ta gani shi ya hana ta zama har tsufanta.

Mu nan mun san kowane ƙwaro da lokacinsa. Shinge ya fito bayan ruwan fari, washegari sai fukafukai a ƙasa. Hangara ta zo sa'ad da hatsi ke bunni, ta ƙona wuyan wanda ta ƙona, ta wuce. Fara ta zo da kaka ta yi ɓarnarta. To sai mutane suka sa sauro a wannan layi. A ganinsu shi ma baƙon damina ne, da ruwa ya ɗauke ya yi sallama. Wataƙila haka abin yake a garuruwan tudu, ban sani ba. Amma mu da ruwan kanal ke ratsa mu, da rijiyoyin garka, wato lambu, a ko'ina, da kududdufin da injin ban-ruwa ke bari a ƙarshen kowane fangali, sauronmu bai san damina ta wuce ba. Yana tashi da kaka, yana tashi cikin ɗari, yana nan har bazara ta kai mutum ga kwana a tsakar gida. Raguwa yake yi, ya rage kuka a kunne, sai a ce ya tafi. Wannan magana Hindu ta faɗe ta har bakinta ya gaji, kuma har yau akwai wanda zai rantse maka cewa sauro ba ya wuce girbin wake.

Wata safiya cikin ɗari ta iske masu garka sun jeru a rana suna shan shayi. Ta ɗauki gwangwanin tumatir, ta kamfato ruwa daga inda kanal ke yoyo, ta dire a gabansu. A cikinsu akwai Chindo, tsohon mai garka, taubashinta, wanda ba su taɓa haɗuwa sun rabu lafiya ba.

"Ga sarauniyar sauro nan tahe," in ji Chindo. "Hindu, yau nawa kinka kama?"

"Babbansu nike nema, ga shi na iske shi shina shan shayi. Duba nan. Mi ka gani?"

"Ruwa."

"Na ciki hwa, masu wutsil-wutsil?"

"'Yan tsutsotsi ne."

"Ɗiyan sauro ne. Kwana kaɗan su yi hwukahukai su shiga ɗakin jikokinka."

"Cikin ɗarin ga? Ni da ke da riga biyu ban iya tashi, balle sauro da ko wando ba shi da?"

Aka fashe da dariya, wani har ya ƙware da shayi. Hindu ta ɗauki gwangwaninta ta tafi tana faɗa ita kaɗai. Irin wannan ta sha shi ba iyaka.

Ga inda abin ke ba da haushi. Daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa ne ake zuba irin albasa, kuma daidai lokacin ne fara ke barin gonaki ta sauko garka. Irin albasa yana fitowa siriri kamar gashi, fara da ƙadangare ba su bar shi ya wuni. Sai wani mai dabara ya gano cewa in aka shimfiɗa sange bisa fangali, aka danne gefensa da duwatsu, rana na shiga, ruwa na shiga, fara ba ta shiga. Shi ke nan. Daga shekarar nan duk mai garka ya san inda zai samu rufin iri: saman gadon matarsa. Da kaka in ka bi ta garake sai ka ga fari da shuɗi sun shimfiɗu kamar ana shanyar biki. A gida kuwa ƙusoshi ne tsirara a bango.

Hindu ta yi faɗa, ba a ji ba. Ta kai ƙara wurin mai gari, aka ce to, aka watse. Da ta ga faɗa ba ya hana fara cin iri, sai ta sake hanya. Ta riƙa tattara tsofaffin sange da suka wuce gyara, waɗanda ake jefarwa a bola ko a ɗaure kaji da su. Ta wanke su tas, ta yanke inda ya ruɓe, ta harhaɗa su ta ɗinke su zama rufi mai faɗi. Duk damina wannan ne aikinta. Da kaka ta zo sai ta bi garake da su a ka: ba ni mai kyau in mayar ɗaki, ga na faci ka rufe irinka. Da yawa sun karɓa ba ko madalla. Wasu ma cewa suke nata bai kai nasu haske ba.

Hindu, ke ce kika san gadon kowace mace a unguwar nan, da wadda ke da ciki tun ba ta faɗa wa uwarta ba. Ke ce kika riƙa tasa su gaba zuwa awo, kina tsaye sai sun haɗiye magani a gabanki. An kira ki mai shisshigi, an kira ki uwar sauro, an rufe ƙofa da aka hango ki. Washegari kin dawo.

Ina da ɗiya ta fari. Tana da rai ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda muka gada. Yau zan rubuta shi: Mubaraka. An yi mata aure a wani ƙauye ta wajen Illela, a bakin fadama, inda babu Hindu. Cikinta ya tsufa, masassara ta kama ta tsakiyar ɗari. Suka ce sanyi ne ya buge ta, suka dafa mata saiwa, suka lulluɓe ta da bargo. Kafin a nemo mota a kai ta likita jininta ya ƙare. Ta tafi da abin da ke cikinta. Da muka je zaman makoki, na fita bayan gida, na ga sangen da na sa mata a kayan ɗaki shimfiɗe bisa irin tumatir. Na gane shi, akwai facin Hindu a gefe. Hindu na tare da ni, ita ma ta gani. Ta kama hannuna ta maido ni cikin gida. Ranar kaɗai na taɓa ganin bakinta ya mutu.

To sai ku ce wanda aka yi wa wannan rashi ba ya bukatar a sake faɗa masa. Bara da kaka Hindu ta shiga ɗakin Fadila, matar ɗana Nafi'u, ƙanen marigayiya uwa ɗaya uba ɗaya. Fadila na da ƙaramin ciki, na fari. Hindu ta ɗaga kai. Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, sai da ta kai hannu ta shafa bango, ta ji ƙusa ba igiya.

"Ina sangen?"

Fadila ta sunkuyar da kai. "Inna, ya ce aro ne. Da iri ya yi ƙwari shina maido shi."

"Sauro ya ce miki shi ma shina jira iri ya yi ƙwari?"

Ni na riga na yi wa Nafi'u magana har da hawaye. Amsar da ya ba ni ita ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, sauro ya tahi, ni ko kukanshi ban ji." Ɗan da na haifa ke nan.

A wasu shekaru da abin ya zo da sauƙi, Hindu ta miƙa masa na faci ta karɓo mai kyau. Amma a daminar nan ba ta iya ɗinki ba. Sai ta wuni tana neman kafar allura da zare ba ta samu ba. Ɗan abin da ta harhaɗa ya riga ya ƙare a hannun wasu, tsummokaran kuwa na nan jibge a ɗakinta, wankakku, ba ɗinki. Ta tafi garka hannu wofi.

Ta iske Nafi'u yana gyaran bakin rijiya. Ta tsaya a kan fangalin, ta taɓa dutsen da ya danne sange da ƙafarta.

"Kai Nafi'u, zo ka ɗaga dutsen ga."

"Inna Hindu, don girman Allah. Kin ga hwarar bana kuwa? In kinka yaye shi, kahin la'asar ba ni da iri. In ba iri ba dashe, in ba dashe da mi zan ciyar da ita Fadilar?"

Hindu ta dubi fangalin. Tana jin fara na tsalle tana bugun zanenta. Ta san ba ƙarya yake yi ba, duk abincin gidan na shekara yana ƙarƙashin wannan ƙyalle. Ta kuma san abin da ta gani a bakin fadamar Illela.

"Ka yi gaskiya," ta ce. "Iri na son sange. To ga ni, ni ce sangen."

Ta duƙa ta ture duwatsun da kanta, ta naɗe sangen, ta ce masa ya tsaya nan kada ya motsa. Ta kai gida, ta wanke laka, ta rataya a saman gadon Fadila, ta buga sabuwar ƙusa inda tsohuwar ta yi sako-sako. Sannan ta koma garka da 'yar tabarma da reshen dogon yaro. Ta zauna a kan fangalin, ta miƙe ƙafafu, ta kama kaɗa reshe bisa iri.

Nafi'u ya ɗauka wasa ne. Rana ta take, tana nan. Ta yi azahar a wurin, ta koma ta zauna. Sai da inuwa ta rufe garka fara ta kwanta sannan ta naɗe tabarma. Washegari kafin raɓa ta bushe ta dawo.

"Jama'a ku zo ku gani," in ji Chindo daga garkarsa. "Nafi'u ya samu mutum-mutumi mai tari! Ɗan nan, ina anka sai da irin wanga? Ni ma ina so, amma a ba ni wanda ba shi magana."

"In kana neman abin korar hwara, tsaya kai kanka," in ji Hindu. "Hwuskarka ta isa."

"Hwuskar da kinka so da ƙuruciya?"

"Ni? Allah ya kiyashe ni. Ko lokacin da ido na gani ban ga abin so ba."

Hanyar kasuwa ta bi ta gefen garkar. Mata masu kai kaya suka gani, masu amalanke suka gani. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, magana ta kai har cikin Ƙonni cewa wani yaro ya dasa tsohuwa a rana tana yi masa gadin albasa. Nafi'u ya kasa zama majalisa. Ya roƙe ta ta tashi, ya ce shi zai zauna. Ta ce in ya zauna wa zai yi ban-ruwa, wa zai gyara fangalan dashe. Ya kawo mata laima, ta ce hannu ɗaya ke da reshe, ɗayan na dafa ƙasa, da wane za ta riƙe. Ya zo wurina wai in sa baki. Na ce ni da na yi magana an ce in kwantar da hankalina, to ga shi na kwantar.

Ba zan ce ta tsare irin duka ba. Wata rana gyangyaɗi ya sace ta, fara ta aske kusurwa guda. Har yau in an taɓo zancen, Nafi'u sai ya ambaci kusurwar nan, kamar ita ce babbar asarar da gidanmu ya taɓa yi.

Abin ya ƙare ne wani yammaci. Hindu ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi, ta tafi gaba ɗaya ta faɗa cikin magudanar ruwa. Chindo ne ya fara isa. Ya ɗago ta, zanenta duk laka. Wannan karon bai yi ba'a ba. Ya zaunar da ita a inuwar mangwaro, ya juya ya dubi Nafi'u da sauran masu garka da suka taru.

"Hindu, ina na hwacin da kike kawo muna?"

"Suna ɗaki jibge. Ido ne babu."

"To wa za shi ɗinka?"

Ta share laka daga fuskarta. "Kai ka tambaye ni? Ku da kun ga buhun albasa kun ɗauki basilla, kahin a ce mi kun ɗinke lodin mota guda. Amma sange ku kwance shi kawai kunka iya."

Nafi'u ya tafi ya ɗauro jaki a amalanke, ya kwaso tsummokaran duka. Washegari maza suka zauna ƙarƙashin mangwaron nan da basilla da zaren buhu. Hindu na tsakiya kamar mai gari, a miƙa mata ta bi ɗinkin da yatsa.

"Wa ya yi wanga? Nan ko akuya ta shiga."

"Chindo ne."

"Na sani. Kwance."

Ɗinki ne mummuna, manya-manyan taku kamar an ɗinke cikin saniya, amma fara ba ta ratsa shi. Nafi'u ya rufe irinsa. Wasu suka ɗauki nasu, suka naɗe masu kyau suka kai gida. Ba duka ba. Akwai waɗanda suka karɓi na faci suka ƙara fangali na biyu, na matansu na nan inda yake. Allah ya shirye su, ni dai na gaji.

Fadila ta kwana cikin sange duk ɗarin nan. Da bazara ta shigo ɗaki ya ƙi kwanuwa, ta fitar da katifa tsakar gida. Hindu ta ji labari, ta zo tana dogara sanda, ta sa Nafi'u ya kafa itatuwa ya ɗaura shi a waje. Sau ɗaya Fadila ta ce kanta na ciwo, Hindu ba ta bari an dafa ko ganye ba, ta sa aka kira kabu-kabu sai likita. Aka gwada jini, ba a ga komai ba. Fadila ta dawo tana gunaguni an wahalar da ita a banza. Hindu ta ce Allah ya sa duk wahalarta ta duniya ta zama irin wannan.

Ana cikin cire albasa Fadila ta haihu, mace, lafiya lau, ita da ɗiyar. Ranar suna Hindu ta zo, aka sa mata jaririyar a cinya. Ta kawo fuskarta kusa, ba ta ganin komai sai duhu-duhu. Sai ta warware zanen, ta bi 'yan hannuwan da yatsa, ta bi ƙafafu, ta bi wuya da bayan kunne.

"Ba cizo," ta ce.

Daga nan ne ta yi mata addu'a. Ni kuwa na tashi na shiga ɗaki, don ba a kuka gidan suna.

Yanzu Hindu ta ajiye jaka. Gwiwa ta ƙi, kuma ɗanta zai kai ta Tawa a duba idon, Allah ya sa a dace. Ba a yi taro ba, ba a ba ta ko takardar yabo ba. Wasu ma har yanzu ba su lura ta daina zuwa ba, sai dai sun ji safiya ta yi shiru.

Hindu, ke ce uwar da ba ta haifi ɗiyan unguwar nan ba amma ta hana su tafiya. Yara nawa ke gudu a bakin kanal yau da ba su san da bakinki suka rayu ba. Na gode miki da Fadila, na gode miki da jikata, na gode da hannuna da kika kama ranar makokin ɗiyata. Allah ya buɗe miki ido, ya ba ki inuwa ranar da babu wata inuwa sai tasa.

Ku kuma sauran, maza da mata, ga kaka ta sake zuwa, an fara zuba iri. Jiya na bi ta garake na ga sababbin sange shimfiɗe, wasu ko wankin fari ba a yi musu ba. Sauron nan bai tafi ko'ina ba, yana nan bakin kanal, kuma zai kai bazara yana tashi. Basilla na aljihun kowannenku, tsofaffin sange sun cika bola. Wanda ya ga mai kyau a kan fangali ya naɗe shi ya kai gidan mai shi, in za a yi faɗa a yi, faɗa ba ya kai mutum kushewa. Kada ku jira sai wata tsohuwa ta sake zama a rana, don wadda muke da ita mun riga mun cinye ƙarfinta.